Tsoron Mutuwa da Haƙƙin Masu Rai

Ya ku 'yan'uwa, tambayar da nake son mu duba ita ce: in mutum ya ji tsoron kabari, wa zai ɗauki nauyin tsoron nan?

Ku sani, a shekarar 1974 wasu manoma kusa da birnin Shiyan na ƙasar Sin suna ginar rijiya sai suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi na yumɓu. Da masana suka tona, sai ga runduna, an ƙiyasta mayaƙa wajen 8,000, kowane tsayin mutum, tare da dawaki da karusai. An jera su don tsaron kabarin Cin Shi Huwang, sarkin da ya haɗa ƙasar Sin ƙarƙashin mulki ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a ta 210.

Sarkin nan ya aika mutane cikin teku neman maganin mutuwa, ba a samo ba. Masanin tarihinsu Sima Ciyan ya rubuta cewa mutum 700,000 aka sa aikin kabarin, aka zuba zaiba a ciki tana gudana kamar koguna. Ya ce matansa da ba su haihu ba an sa sun bi shi, masu sana'ar da suka san asirin wurin kuma aka toshe ƙofa suna ciki. Tudun kabarin kansa ba a buɗe shi ba, amma an gwada ƙasarsa an tarar da zaiba mai yawa.

Ni kam, mayaƙan yumɓu ba su ne suka tsaya mini a zuciya ba. An tono kaburburan leburori a kusa, wasu an kankara sunansu da garinsu a kan gutsuren yumɓu. Su na fi tunawa.

In wani ya ce ai sarkin ya yi imani akwai rayuwa bayan mutuwa, kuma ya yi mata tanadi, sai in ce: tanadin da aka yi da wuyan wani bashi ne. Ya zaci can ma ana shiga da sarauta, sai ya saye kwanciyar hankalinsa da ran talakawa. Daularsa kuwa ba ta wuce shekara 4 a bayansa ba.

Kada mu yi masa dariya don mu likkafani ne rabonmu. Wanda ya danne gadon marayu don sunan gidansa ya dawwama, da wanda ya hana lebura ladansa don ya bar gini a bayansa, hanyar sarkin nan suka bi, ƙarfin ne kawai bai kai ba. Wanda tsoron kabari ya kama shi da gaske, ya fara mayar wa mutane haƙƙinsu tun yana da numfashi.

Allah shi ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.