Abin da Fenti Ba Ya Rufewa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a Zamfara ya san kamannin makarantar da aka gyara: sabon kwano mai ɗaukar ido, bango shafe da fenti, ga allon kwangila a bakin titi ɗauke da sunan aikin da na wanda ya bayar. Mukan gani mu yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin yaron da damina ke kora daga aji ya san darajar rufi fiye da kowa. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Idan an ce an gina makaranta, wa aka yi wa aikin, yaron da zai zauna a ciki ko idon mai wucewa?

Dareta, ƙauye a Ƙaramar Hukumar Anka, ta san amsar wannan tambaya ta hanya mai ɗaci. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kwaso duwatsun ma'adinai zuwa gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Masu binciken hukumar CDC ta Amurka sun ƙirga a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, suka tarar yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. A jihar baki ɗaya an rasa yara fiye da 400.

Abin lura shi ne yadda aka tsayar da mutuwar. Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma kan gurɓatacciyar ƙasa. Dole sai da aka fara gyara ƙasar. Injiniyoyin TerraGraphics da na Blacksmith Institute, tare da mutanen ƙauyukan, suka bi gida-gida da fartanya da shebur, suna kankare saman ƙasa kimanin santimita 5, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma a 2010, sannan Abare da Sunke da sauransu. Bagega kuwa sai 2013, bayan dogon jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya. Da aka gama, tsakar gida ta koma kamar yadda take jiya. Babu abin yanka zare, babu abin ɗauka a hoto. Aikin da ya fi kowanne ceton rai a yankin, ido ba ya iya bambanta shi da rashin aiki.

Ginin makaranta ma haka yake. Abin da ke riƙe aji yana ɓoye: zurfin harsashi, kaurin rodi, yawan bulon da aka fitar daga buhun siminti guda. Ɗan kwangilar da ya rage siminti ya ƙara fenti zai miƙa gininsa cikin tafi, sai bayan damina uku bango ya tona asirinsa, lokacin an daɗe da biyan kuɗi. A wuri kamar Dareta akwai ƙarin tambayoyi. Daga wane rami aka ɗebo ƙasar ciko? An gwada filin da yara za su yi wasa? An yi daɓen siminti, ko a kan turɓaya za su zauna? Ruwan da za su wanke hannu kafin su ci abinci, daga ina yake? Shi kansa fentin, akwai irin da ake haɗawa da dalma, musamman launuka masu haske, shi ya sa ake neman kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Bango mai kyan ɗan maciji yana iya zama cuta ga yaran da aka ƙawata shi dominsu.

Wani zai ce muna tsananta wa shugabanni. Talaka ba shi da na'urar gwada ƙasa, da idonsa yake auna gwamnati, kuma gani ya kori ji. Allon kwangila ma yana da ranarsa, tunda shi ke gaya mana wanda za mu tuhuma. Wannan gaskiya ce. Amma ta nuna cewa muna da hannu a lamarin. Ɗan siyasa yana sayar da abin da ake saye ne. Muddin sabon fenti ya fi jawo yabo a kan banɗaki mai ruwa ko malamin da ke zuwa kullum, fenti za a ci gaba da kawo mana.

Kuɗin kuwa namu ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa, SUBEB ta gudanar da aikin. A Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara, aka shiga gyaran makarantu. Wannan dama ce, kuma amana ce a wuyan kowa. Kwamitin iyaye da malamai da ke kula da makaranta yana iya tsayawa ranar da ake haƙa harsashi, ya ƙirga buhunan siminti, ya tambayi inda aka samo yashi. Ranar buɗe gini an riga an makara.

Akwai kuma ɓoyayyen da ya fi waɗannan nauyi. Dalma takan bar rauni a ƙwaƙwalwa wanda magani ba ya gogewa. Dubban yara sun tsira da rai a waɗannan ƙauyuka, wasunsu da nauyin fahimta da saurin mantuwa. Ba su suka haƙo dutse ba, ba su suka ci ribar zinariya ba. Irin wannan yaro yana bukatar aji marar cunkoso da malami mai haƙuri wanda ya san dalilin jinkirinsa, ba zai kira shi daƙiƙi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake hangowa daga titi. Jariran 2010 sun zama samari da 'yan mata, da yawa sun wuce shekarun firamare, amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba, kuma ƙannensu na tafe.

Saboda haka idan mun sake wucewa ta gaban sabuwar makaranta, mu yaba rufin, ya cancanci yabo. Sannan mu tsaya mu shiga ciki, mu taka daɓen, mu murɗa famfon, mu ƙirga yaran da ke gaban malami ɗaya, mu tambayi shugaban makaranta ko an taɓa gwada ƙasar filin.