Da Muguwar Rawa Gwamma Ƙin Tashi?

Karatu: Matiyu 25:14-30

Ɗan'uwa mai sauraronmu a Zangon Kwatano, wataƙila ka daɗe da wani nauyi a zuciyarka. Kana ganin masu bi da suka zo neman abinci daga Maraɗi ko Zariya suna shiga sujada da Faransanci ko harshen Fon, su fito ba su ji rabin wa'azin ba. Kana so ka fara taron addu'a da Hausa a ɗakinka, ko ajin koyon karatu domin mata. Amma kullum sai zuciya ta ce, in ba wanda ya zo fa? In abin ya watse bayan wata biyu, da wane ido zan dubi dattawan ikilisiya? Sai ka fake da karin maganar nan, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

To, ƙin tashin nan hikima ce ko rashin aminci?

Dubi bawa na uku a misalin talanti. Bai saci kuɗin ubangidansa ba, bai kuwa ɓarnatar ba. Ya binne, ya mayar daidai yadda aka ba shi, hujjarsa kuma tsoro. Duk da haka shi aka hukunta. Kowane ɗan kasuwa a Zango ko Dantokpa ya san jarin da aka binne ba ya haihuwa. Ka lura kuma, mai biyar da mai biyu ribarsu ba ɗaya ba ce, amma yabo iri ɗaya suka samu. Amincinsu maigidan ya auna.

A watan Disamba 1893, samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas, nan gabas da Kwatano, da nufin kai bishara ƙasashen arewa. A 1894 zazzaɓi ya kashe Gowans a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a karo na uku aka kafa tasha a Pategi, a 1902. Daga aikin nan na SIM aka samu ikilisiyar ECWA a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga wannan ba. A idon mutanen zamaninsu sun fāɗi. Kai fa, za ka ce sun binne talantinsu?

Ba muna cewa ka tashi da ka ba. A Luka 14 Yesu da kansa ya koya mana mu zauna mu yi lissafi kafin mu fara gini. Amma ga bambancin: mai lissafi yakan gama ya tashi, ko da da ɗan abin da ke hannunsa. Mai tsoro kuwa shekara biyar yana lissafi ɗaya. In ka bincika da kyau, sau da yawa abin da muke gudu shi ne bakin mutane, sunanmu muke karewa.

Ba mu yi maka alkawari ɗakin zai cika ba. Yana yiwuwa mutum biyu ne za su zo, yana yiwuwa taron ya tsaya. Ba'da girma aikin Allah ne, shuka kuwa naka ne. Saboda haka a makon nan ka je wurin fastonka ka faɗa masa nauyin da kake ji. Nemi mutum ɗaya da za ku yi tare. Ku sa rana da lokaci. Ku kiyaye haƙƙin maƙwabtanku Musulmi, ku zauna lafiya da kowa. Sa'an nan ku fara.

Addu'a: Ya Uba, ka san abin da na binne saboda tsoro. Ka ba ni ƙarfin hali in tono shi in yi aiki da shi, ka same ni da aminci. A cikin sunan Yesu, amin.