Haƙƙin Iska: Tururin Tankunan Mai a Ma'aunin Fiƙihu

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da tattauna hukuncin cutar da mutum yake jawo wa maƙwabcinsa ta iska, domin a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, an ba alƙali ikon hana hayaƙin gidan wanka da ɗoyin majema idan sun addabi maƙwabta, kuma tushen hukuncin shi ne hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa mai haramta cuta da cutarwa. Sai dai hayaƙi ana ganinsa, ɗoyi kuma hanci yana jinsa, saboda haka wanda aka cuta ya san wanda zai kai ƙara. Abin da ke buƙatar nazari a yau shi ne cutar da ido ba ya gani, wadda take watsuwa kaɗan-kaɗan a kan dubban mutane.

Irin wannan cuta ce take fita daga manyan tankunan ajiyar mai, kamar na matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, da na ma'ajiyar mai ta Hotoro a Kano. Fetur yana saurin zama tururi, don haka idan rana ta dumama tanki mai kafaffen rufi, sai tururin da ya taru a saman man ya kumbura ya fita ta mashaƙar tankin, idan dare ya yi kuma ya ja sabuwar iska wadda za ta cika da tururi kafin gari ya waye; haka nan duk lokacin da aka zuba mai, sai ya tunkuɗo tururin waje. Mai sayar da fetur a bakin hanya a Ruwan Bago, wanda yake ba 'yan acaɓa da manoman rani na yankin madatsar Challawa mai a galan, ya san wannan sarai, domin yana ganin jarkarsa ta kumbura da azahar, idan ya kwance murfin kuma ta yi huci a fuskarsa. A cikin tururin akwai benzin, sinadarin da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, sannan idan tururin ya haɗu da hayaƙin injuna a ƙarƙashin zafin rana yakan haifar da ozon na ƙasa, iskar da take ƙona huhu kuma take rage amfanin gona.

Hujjar farko da ake kare sakin wannan tururi da ita ita ce lalura, wato cewa al'umma ba ta iya rayuwa ba tare da mai ba. Gaskiya ne, amma ƙa'idar malamai ita ce ana auna lalura gwargwadonta, kuma abin da aka san maganinsa ya fita daga cikinta. Maganin kuwa sananne ne: rufi mai yawo a kan man, wanda yake hawa da sauka tare da shi har tururi ya rasa wurin taruwa, da roba mai toshe gefen rufin, da farin fenti mai mayar da zafin rana, da na'urar da take kama tururi ta mayar da shi mai. Tun da man da ya tsere dukiya ce da ta salwanta, sakacin ya haɗa cutar da bayin Allah da almubazzaranci.

Hujja ta biyu ta fi wuyar warwarewa, ita ce ta daɗewa, domin wasu malamai sun tafi a kan cewa wanda ya ga ana cutar da shi shekaru masu yawa bai yi magana ba, haƙƙinsa na ƙara ya faɗi, kuma yawancin unguwannin da suka kewaye ma'ajiyun mai sun tarar da tankunan ne a wurin. Amma shirun da yake kayar da haƙƙi shi ne shirun wanda ya sani, kuma matar da take shaƙar benzin a tsakar gidanta ba ta san me take shaƙa ba balle a ce ta yarda; bugu da ƙari malaman sun cire cutar da take ƙaruwa daga wannan hukunci. Nauyin ya koma kan mai tanki da hukumar da ta ba shi lasisi, su da suke da ilimin abin da kuɗin gyaransa, yayin da rabon mai jarka bai wuce ya ajiye ta a inuwa, ya rufe ta da kyau, ya nisanta ta daga ɗakin da yara suke kwana ba.