Ku Fitar da Iyali Su Sha Iska, Amma Ido na Kansu

 

'Yan uwa, maganarmu ta wannan Juma'a kan hutu ce. Na san wani zai ce sakatare ya rasa abin rubutawa. To, mu duba kanmu. Da yawanmu da an sallame Asuba sai Kasuwar Wuse ko Utako ko Dei-Dei, ba mu dawowa sai bayan Isha'i, yara sun yi barci. A gida Kano ko Katsina yaro yana da dandali, yana da gidan kakanni. A nan Gwagwa ko Karmo fa? Ɗaki ɗaya na haya, ƙofa a rufe, wayar uwarsa a hannunsa. Ciyarwa wajibi ce, amma ba ita kaɗai ce haƙƙinsu ba. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), duk da nauyin al'umma da ke kansa. Wane shago ne ya kai wannan nauyi?

Kuma wuraren ba su yi mana nisa ba. Ga Tafkin Jabi, kusa da tashar mota: akwai ciyawa da inuwa, akwai kwale-kwale, akwai dawakai na haya. Ga Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disamba 2003, rafi ya ratsa ta cikinsa. Tabarma, kular shinkafa da jarkar zoɓo sun isa.

Sai dai abin da na gani a Jabi ranar yawon Sallah shi ya sa na ɗauki biro. Maigida ya zauna yana cinikin kaya ta waya, uwargida na hira, yaro ɗan kamar shekara huɗu ya gangara har ƙafarsa ta taɓa ruwa. Wani bawan Allah da bai san su ba ne ya janyo shi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ruwan tafki ba ya gudu, shi ya sa yake yaudarar ido, alhali yana da zurfi. Kada a bar ƙanana a hannun yayyensu. Wanda zai hau kwale-kwale ya nemi rigar kariya, in babu ya haƙura, ko da ya riga ya biya.

Sannan tsafta. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani kan biyan buƙata a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Malamai su za su yi fatawa, amma ni a ganina wanda ya tashi ya bar ledojin fiya wata da kunzugun yara a gindin bishiya bai yi nisa da wannan gargaɗi ba. Mu baƙi ne a garin nan, kuma da hularmu ake gane mu. Mutum ɗaya zai yi, a ce Hausawa ne.

A tafi da buta da sallaya, La'asar a can za ta riske ku. A kama hanyar gida kafin Magariba, domin motar Karmo tana wuya da yamma.