Hukuncin Allurar Ƙarfin Mazakuta a Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya saba cin kasuwa a Shinaka da sauran garuruwan ƙasar Goronyo, Wurno da Rabah ya san yadda masu tallar maganin maza suke cika wa jama'a kunne da lasifika. Da can garin magani ne da tsimi, sa'an nan ƙwayoyi suka shigo. Yanzu kuwa magana ta kai ga allurar da ake yi a jikin mazakuta kanta, har magidanta suna tambayar hukuncinta a asirce.

Asalin wannan allura daga Faransa ne, inda wani likita mai suna Ronald Virag ya bayyana amfaninta a 1982. A 1995 Amurka ta yarda a sayar da irinta mai suna Caverject, wato shekara 3 kafin fitowar ƙwayar Viagra. Aikinta shi ne ta saki jijiyoyi, jini ya cika gaba cikin 'yan mintoci. Likitoci sukan ba da ita ga wanda ƙwaya ba ta yi masa aiki ba, kamar mai tsohon ciwon suga.

To, neman magani halal ne. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, har da na basur, bai ga abin kunya a ciki ba. Bugu da ƙari, a nan akwai hakkin wata baiwar Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da Rifa'atu ya saka, wadda ta zo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi raunin sabon mijinta a fili. Wani sahabi da ke bakin ƙofa ya ji nauyin maganar, amma Annabi murmushi ya yi, bai tsawata mata ba.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, in mace ta kai ƙarar mijin da ya kasa kusantarta tun da aka ɗaura aure, alƙali yakan ba shi wa'adin shekara guda. In ya samu lafiya, shi ke nan. In bai samu ba, aka kuma ga tana son rabuwa, sai a raba su. Malamai suka ce hikimar shekarar ita ce yanayi ya juya a kansa, ya ga bazara da damina da kaka da ɗari, ko jikinsa ya dace da ɗaya. Shari'ar da ta ba mutum wata 12 ya nemi lafiya, ina dalilin da zai sa ya yi gaggawar daren guda?

Amma fa gaggawa da kunya su ne ke kai magidanci bayan kantin kemis da magariba, ya karɓi kwalbar da bai san abin da ke ciki ba. Nan halal ke komawa haram, domin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ya hana mutum jefa kansa ga halaka. In maganin ya yi yawa, gaba takan miƙe ta ƙi kwanciya, jini ya tsaya a ciki. In abin ya wuce awa 4, lalle ne a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, don jinkiri yana kashe naman wurin, mutum ya rasa ɗan ƙarfin da ya rage masa har abada. Mai sikila, wato amosanin jini, an hana shi wannan allura, ga shi kuwa cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ko wanda likita ya rubuta wa, a gaban likitan ake gwada masa ta farko, kuma ba ya wuce sau 3 a mako.

Wani abin da mai talla ba zai faɗa ba shi ne, sau da yawa raunin nan alama ce ta ciwon suga ko hawan jini, ko kuwa jijiyoyin zuciya ne suka fara toshewa. Wanda ya rufe alamar da allura ya bar cutar tana cinsa. Saboda haka a fara da awon jini da na suga a asibiti mafi kusa. In ta kama, a nemi takardar zuwa wurin likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Uwargida kuma a sanar da ita halin da ake ciki, kada ta zaci an juya mata baya ne, ko ta zargi kishiya da sammu.