Mu da muke turawa, muna da hannu?

Ranar Juma'a 15 ga Maris, 2019, wani ɗan bindiga ya far wa masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand, ya kashe mutum 51. Da kyamara ɗaure a kansa ya shiga, yana watsa kisan kai tsaye a Facebook. Kamfanin ya ce cikin sa'o'i 24 na farko ya toshe ko ya goge kwafin bidiyon har miliyan ɗaya da rabi. Wasu daga cikinmu sun gani a WhatsApp, suka tura wa 'yan uwa cikin takaici, suna cewa a ga abin da aka yi wa Musulmi.

Niyyarmu mai kyau ce, amma aikin wa muka yi? Bindigar ɗan ta'adda iyakarta inda harsashi ya kai. Tsoron da yake son dasawa a zukatan miliyoyi kuwa sai ya sami masu kai masa, shi ya sa yake ɗaukar hoton ta'asarsa. Duk wanda ya danna ya tura ya zama ɗan aikensa, ko da kuka yake yi.

Wani zai ce shiru ma laifi ne, kuma yana da hujja. Da duniya ta yi shiru kan ɗalibai 276 da Boko Haram ta sace a Chibok a Afrilun 2014, da matsin lambar neman su bai kai yadda ya kai ba. Amma a lura: labarin sacewar ya amfani iyayen yaran, bidiyon da Abubakar Shekau ya fito yana alfahari zai sayar da su kuwa shi kaɗai ya amfana. Ba da labari haƙƙin waɗanda aka zalunta ne. Yaɗa abin da azzalumi ya tsara da hannunsa talla ce muke masa kyauta.

Firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, ta ƙi furta sunan maharin, ta nemi a riƙa ambaton waɗanda aka kashe. Hukumomin ƙasar kuma suka haramta mallakar bidiyon da yaɗa shi.

Mu ba mu da ikon kafa doka, amma wayar tana hannunmu. Kafin mu tura, mu tambayi kanmu wa ya ɗauki wannan hoton, kuma me yake so da shi. Mu kuma tuna gawar da ke ciki tana da uwa, wataƙila ita ma tana cikin zauren da za mu tura.