Wa Zai Koyi Kula da Daji?

Idan muka tambayi iyaye abin da suke fata ɗansu ya zama, sai mu ji likita, lauya ko injiniya. Da wuya mu ji wanda ya ce malamin daji. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ma, sunan daji kansa ya zama abin tsoro, domin Dajin Rugu da maƙwabtansa sun koma mafakar 'yan bindiga. A watan Yunin 2024 aka kai hari Yargoje, aka hallaka mutane da dama. Shin daidai ne mu tura 'ya'yanmu su koyi kula da wurin da masifa ke fito mana?

Mu a ganinmu daidai ne, har ma wajibi ne. Itace bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Dajin da ya rasa masu kula da shi, miyagu ne ke gajensa. In kuwa muka sare shi saboda fushi, zaizayar ƙasa za ta cinye gonakin da muke kuka a kansu.

Mu dubi Maraɗi. Tun daga 1983 manoman can suka fara barin tohon kututture a gona, suna zaɓen masu ƙarfi suna yi musu aski, abin da suke kira sassaben zamani. Gawo ya dawo, ganyensa na zama taki, 'ya'yansa na ciyar da dabbobi. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar. Ilimi ne ya yi wannan, kuma ilimi koyonsa ake yi. Akwai kwalejin koyon aikin daji ta tarayya a Afaka, Kaduna. A 2015 Nijeriya ta kafa hukumar shingen itatuwa na yaƙi da hamada, Katsina na cikin jihohin da aikinta ya shafa. A shekarar ce kuma Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', inda ya tuna mana cewa duniya amana ce a hannunmu.

Ba mu ce a jefa yaro cikin hatsari ba. Tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma ranar da zaman lafiya ya dawo, ƙasa za ta nemi masu sanin iri, reno da dashe, kuma ba a horar da su a dare ɗaya. Saboda haka, in ɗanku ko 'yarku ta nuna sha'awar wannan aiki, kada ku karya mata gwiwa. Ku sa albarka.